Wankan Rahelamma a Kogin Pamba

Duk wanda ya yi firamare a makarantar da ke gindin tudun coci ya sha kanjin Rahelamma. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa shi, kunun shinkafa mai ruwa-ruwa da ɗan wake a gefe, tana rabawa da ludayin ƙoƙon kwakwa da rana tsaka. Ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da faɗa. Mutanen ƙauyenmu sun san ta da abu ɗaya: abin da ta faɗa, haka yake.

Karatunta bai wuce aji huɗu ba. In ta buɗe Littafi Mai Tsarki sai ta bi layi da yatsa, leɓɓanta na motsi, shafi ɗaya ya ci mata rabin sa'a. Amma abin da ido bai ba ta ba, kunne ya ba ta. Tun tana ƙarama take tsayawa ba takalmi a ɓangaren mata a tsohon cocin kan tudu, kai a rufe, tana jin karatun da ake yi kowace Lahadi a lokacin Kurbana, wato sujadar jibin Ubangiji, shekara na zagayowa karatun na zagayowa. Ba ta iya cewa ga sura kaza aya kaza ba. Sai dai in ka fara mata labari daga Littafin, ta san inda ya dosa da yadda ya ƙare.

Tana da shekara goma sha tara Kuriyakos ya ɗaura mata minnu a gaban bagade, ɗan zinarin nan mai kamar ganye da gicciye a jikinsa, wanda matar aure ba ta cirewa muddin tana numfashi. Kuriyakos mai tsaga itatuwan roba ne. Yakan fita da asuba da wuƙarsa, ya bi itace ɗari uku, ya dawo da madarar robar a bokiti, shi da Rahelamma su daskarar da ita tare, su matse, su shanya. Wata safiya bai dawo ba. A tsakanin itatuwan aka same shi zaune, ya jingina da ɗaya, wuƙar na hannunsa. Aka sa shi a kabarin gidansu da ke makabartar coci, jikin katangar gabas. A kan dutsen aka rubuta sunansa a sama, aka bar ƙasan fili sumul.

Wannan filin shi Rahelamma ke kira "wurina". Kowace Lahadi in an tashi takan zagaya bayan coci, ta kunna kyandir, ta share busassun ganye da gefen hannu, ta ba shi labarin mako: saniya ta haihu, rufin kicin na yoyo, ƙanwarka ta sake yin faɗa da surukarta. Ranar da mutuwarsa ta zagayo kuwa, Acen, limamin cocin, yakan zo da turare ya yi addu'a a kan kabarin, ita kuma ta yi appam, wainar shinkafa, da miyar kaza ta ciyar da dangi. Shekara goma sha takwas ba ta tsallake ko ɗaya ba. Burinta bai wuce guda ba: in lokacinta ya yi, a ɗaga dutsen a kwantar da ita a gefensa, su jira tashin matattu tare.

Ɗanta ɗaya ne, Shaji. Ya yi shekara goma sha huɗu yana walda a Sharja, can ƙasar Larabawa, ya dawo da furfura a gefen kai, da farar riga, da Littafi mai zif wanda ya ja wa ayoyi layi da launin rawaya. A sansanin ma'aikata ya haɗu da masu sabuwar koyarwa, lokacin da ciwo ya kwantar da shi babu wanda ya leƙa shi sai su. Rahelamma ba ta taɓa raina wannan ba. Da ya dawo sai ya shiga wani taro da ake yi a saman shagon tayoyi a mararraba, wurin wani da ake kira Fasto Reji, wanda shi ba ya ƙarƙashin kowa.

A watan farko matarsa Mini ta cire 'yan kunne da awarwaro da nata minnu. A na biyu Shaji ya sauke hoton Maryamu daga bangon falo, da 'yar fitilar da ke ƙarƙashinsa. Rahelamma ta kwashe su ta kai ɗakinta. Da ranar tunawa da Kuriyakos ta matso ta aike shi ya sayo kaji, sai ya zauna a kan dakali ya zuge zif ɗin Littafinsa.

"Ammaci," in ji shi, yadda ake kiran uwa ko tsohuwa a wajenmu, "abin nan da kike yi kowace shekara ba ya cikin Littafi. Ubangiji da bakinsa ya ce a bar matattu su ji da matattunsu."

"Ya faɗa," in ji ta, tana kankare kwakwa. "Wa ya faɗa wa?"

"Ya faɗa dai."

"Wani ya faɗa wa, da ya kira shi ya bi shi, shi kuma yana ta kawo uzuri. Da shi Ubangijin kansa ya mutu fa, mone, ɗana? Matan nan da suka yi sammako da kayan ƙanshi suka tafi kabarinsa, korarsu aka yi, ko su aka fara yi wa albishir?"

Shaji ya juya shafi gaba, ya juya baya.

"Rufe, je ka kawo kajin. Uku, kada ka kawo tsofaffi."

Bai je ba. Sosamma ce ta kawo su, ƙanwar Kuriyakos, wadda gidanta ke bayan na Rahelamma, bakinta kuwa ba linzami.

"Natun, matar yayana, ɗan nan naki da walda ya tafi ƙasar Larabawa, ya dawo mana bishof. Ni na wanke masa gindi, yau shi zai nuna mini hanyar sama."

"Bar shi. Zazzaɓi ne, zai sauka."

"Zazzaɓin ne ya cire wa Mini 'yan kunne? Jiya na gan ta a kasuwa na ɗauka mijinta ne ya mutu, saura kaɗan in yi mata gaisuwa."

Ta gwiwoyinta aka samu Rahelamma. Tsayuwar shekara talatin a gaban murhu ta cinye su, har hawan matakala arba'in da biyu na coci ya zama sai ta huta sau uku. Ta shafa man da ake ɗebowa daga fitilar kaburburan tsarkaka, ta sha na asibiti, ta sha na gargajiya. Kuma irin mutanenmu na da ce: duk wanda ya ce zai yi mata addu'a sai ta sunkuyar da kai. Ta sha bin maƙwabtanta 'yan Katolika zuwa nasu wuraren ziyara. A wurinta addu'a ba ta raba mutum da cocinsu. Abu ɗaya ne ke rabawa, kowa a ƙauyen ya sani. Wanda ya yarda aka sake yi masa baftisma ya ce ta farkon ba komai ba ce ke nan, sunansa yakan fita daga littafin ikilisiya, wanda kuwa ba ya cikin littafin ba a rufe shi a makabartar coci.

Saboda haka da Shaji ya zo mata da magana a watan Janairu, cewa Fasto zai yi wa marasa lafiya addu'a a kogin Pamba ranar Asabar, sai ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"A bakin ruwa ko a cikin ruwa?"

"A ciki, kaɗan. Kin tuna sarkin yaƙin nan kuturu, da annabi ya ce ya je ya nutsa a kogi sau bakwai, ya kuwa warke? Shi ne kawai. Don gwiwoyinki."

"Ba baftisma ba?"

"Haba, Ammaci."

"Ba 'haba' na tambaye ka ba. Ni an yi mini ina da kwana hamsin da shida, a kaskon dutsen nan da aka yi maka. Sau ɗaya ake yi. Ɗora hannunka a kan Littafin ka gaya mini."

Ya ɗora. "Ba baftisma ba ce. Addu'ar warkarwa ce."

Wannan ya ishe ta. A duniyar da ta tashi mutum na iya yin ƙarya a kasuwa, ya yi a kotu, amma ba da hannunsa a kan Littafi ba, balle ga uwarsa. Har ta ɗan yi murna a ranta, don rabon da ya nemi su je wani wuri tare tun yana makaranta.

Ruwan Pamba ya ja baya a lokacin, yashi ya fito fari. Mutum kamar ashirin ne a bakin kogin, duk cikin fararen kaya, ana kaɗa ƙaramar ganga ana tafi. Wasu takwas sun yi layi, yawancinsu matasa, ba ta ga mai ɗingishi a cikinsu ba. Ta lura da haka, ta bar shi ya wuce. Wata mata ta zo ta bayanta ta kama maɓallin sarƙar da minnu ke jiki.

"Me kike nema a wuyana?"

"Kada ruwa ya tafi da shi, Ammaci."

"Shekara hamsin da biyu ina wanka da shi ruwa bai tafi da shi ba."

"Kawo in riƙe miki," in ji Shaji. "Yanzu za ki fito."

Ta cire ta ba shi. Fasto Reji na tsaye cikin ruwa har ƙugu, mutum mai taushin murya. Ya riƙe hannunta da ladabi, ya tambaye ta ko ta gaskata Yesu Almasihu shi ne Mai Ceto.

"Tun ba a haifi uwarka ba," in ji ta.

Mutanen bakin ruwa suka yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya ɗora tafin hannu a bayanta ya ɗaga murya. Tana jin ya ce "ina yi miki baftisma" ta buɗe baki za ta yi magana, ruwa ya rufe ta. Sau ɗaya ya nutsar da ita, ta baya. Da ya ɗago ta tana tari ba ta ma fid da rai ba, ta tsaya tana jiran sauran shidan. Fasto ya riga ya miƙa hannu ga na bayanta. A kan yashi ana ta halleluya, Mini na riƙe da waya saitin fuskarta, Shaji kuwa ya ɗaga hannu biyu sama yana kuka, bai dubi inda take ba.

A keken haya suka koma. Da suka isa gida ta canja kaya, ta zauna a bakin gado, ta miƙa masa hannu.

"Minnu."

"Yana wurin Fasto."

"Je ka karɓo."

"An sa shi cikin baiko, Ammaci, don aikin Ubangiji. An rubuta kada adon mace ya zama na zinariya. Yanzu ke sabuwa ce."

"Ado? Abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, yana ƙarƙashin riga, wa ya taɓa ganinsa? Ubanka ne ya ɗaura shi." Sannan ta ce, "Labarin kuturun nan da ka ba ni, Fastonka ya karanta muku har ƙarshe?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Da mutumin ya warke ya kawo wa annabi kyauta, annabi ya rantse ko zare ba zai karɓa ba. Baransa ne ya bi mutumin a baya ya yi ƙarya ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. Je ka duba, kai da ka iya karatu."

"Na ce miki addu'a za a yi, kuma an yi addu'a."

"Hannunka na kan Littafi, mone."

Kafin Laraba hoton ya shiga kowace waya a ƙauyen. Sosamma ta shigo da shi ba ko sallama, ta ɗora mata a cinya. Ga ta nan tana miƙa sarƙa, ga ta tana shiga ruwa. A ƙasa an rubuta cewa tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya ta fito daga duhun al'adu.

"Da ƙafarki kika shiga, natun. Da hannunki kika cire abin da yayana ya ɗaura miki. Ce mini ba ke ba ce."

"Ni ce."

"To ce mini kin haukace, in samu abin faɗa wa mutane."

Rahelamma ta ba ta labari. Sosamma ta zauna a ƙasa ta saurara har ƙarshe.

Ranar Lahadi ta hau matakala ta tsaya a inda ta saba. Ba wanda ya faɗa mata magana mara daɗi. Sai dai da aka zo wurin miƙa wa juna salama hannu da hannu, matar da ke damanta ta juya ta ba ta bayanta. Bayan an tashi sakataren ikilisiya ya tare ta kafin ta zagaya makabarta, ya ce Acen na son ganinta.

Acen Giwargis bai kai ɗanta a shekaru ba. Ya saurare ta a barandar gidansa har ta gama.

"Ta wajen Allah ba abin da ya same ki, Ammaci. Baftisma ɗaya ce, muna shaidawa kowace Lahadi. Wadda aka yi miki kina jaririya ba aikinki ba ce, ba kuma aikin limamin da ya ɗauke ki ba, aikin Allah ce. Kogi ba ya wanke ta, ba ya ƙara mata komai. Ranar Asabar jiƙa ki kawai aka yi."

"To wurina fa?"

Ya shafa gemu. Gida shida suka bar ikilisiya cikin shekara biyu, in ji shi. Biyu daga ciki sun dawo ranar da aka yi musu mutuwa suna neman kabari, aka yi rigima a bakin ƙofa da gawa a ajiye. Tun daga nan babban taron ikilisiya ya yanke cewa wanda ya shiga ruwa da son ransa, ko ya tuba ya dawo yana sujada, kabarin gida ya rasa shi. Shi ba shi da ikon sauya abin da taro ya yanke, kuma kowa ya ga hoton.

"Sai dai in ba da son ranki ba ne. In yaudararki aka yi, ba ki taɓa fita ba, babu abin hukuntawa. Amma ba a baranda za ki faɗa ba. A gaban jama'a, bayan Kurbana, ki faɗi wanda ya yaudare ki da yadda ya yi."

"In ce Fasto ne?"

"Fasto ne ya ce miki ba baftisma ba ce?"

"A'a."

"To."

"Acen, ɗa ɗaya gare ni."

"Na sani. In shi ya zo da kansa ya faɗa wa dattawa, ya isa, ba sai kin tsaya ba. Lahadi biyu zan iya riƙe littafin ban sa hannu ba."

Ranar Litinin ta dafa rogo da miyar kifi, abin da Shaji ya fi so, ta jira sai da ya ci.

"Ka je wurin dattawa ka ce kai ka ruɗe ni. Magana ɗaya ce. Ban ce ka bar Fastonka ba."

"In ce aikin Allah ruɗi ne?"

"Ka faɗi abin da ka yi."

"Ammaci, ba ki gane ba. Kullum ina tunanin za ki mutu ki tafi wuta da ruwan da aka zuba miki ba ki san komai ba. Shekara biyu ina roƙonki kin ƙi. Fasto ya ce mai fizgo mutum daga wuta ba ya tsayawa neman izini."

Ta ga da gaske yake, idonsa ya ciko, wannan kuwa ya fi yi mata ciwo. Sai Mini, daga bakin kicin, ta faɗi abin da ba a tambaye ta ba.

"Kuma wata mai zuwa za a naɗa shi dattijo. Fasto ya ce an rubuta dattijo sai wanda gidansa duka ya ba da gaskiya. Ke kaɗai kika rage, Ammaci."

Shaji ya harare ta. Rahelamma ta dubi ɗanta, ta dubi kwanon da ya cinye.

"Ashe ni ce cikon adadi."

"Ba haka ba ne."

"Ina za ku sa ni in na mutu?"

"Muna da namu wurin."

Ta san wurin. Wani tudu ne bayan gari uku, inda ƙananan taruka da yawa suka haɗu suka gina bango mai ramuka jere kamar durowar kanti, kowane rami da lambarsa.

"Ƙasa duk ta Ubangiji ce, Ammaci. Appacan, babana, ba ya cikin kabarin nan, ƙasusuwa ne kawai."

"Na kuma san ƙasusuwan nan za su tashi, kai ma ka shaida haka da bakinka shekara da shekaru, in ba ka manta ba. Ina so in tashi in ga ubanka a gefena, ba lamba ba."

Ya tashi ya je wanke hannu. Daga bakin rijiya, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "In kika tsaya gaban mutanen nan kika mai da ni maƙaryaci, ƙafata ba za ta ƙara taka harabar cocin nan ba. Ko ranar taki."

Ta san abin da yake nufi. Kafin a rufe akwati ɗa ne ke shimfiɗa ɗan ƙyalle a fuskar uwarsa, shi ne na ƙarshe da ke ganinta.

Lahadi ta farko ta wuce ba ta tsaya ba. Kowace safiya in ya sa farar riga sai ta kasa kunne ta ji ko hagu zai yi, wajen tudu, ko dama, wajen mararraba. Dama yake yi. Ta yi tunanin ta haƙura da kabarin, ita uwa ce, ta haɗiye abin da ya fi wannan. Ba Kuriyakos kaɗai ya hana ta ba. In ta yi shiru ta yarda ke nan da abin da aka rubuta a ƙasan hoton, cewa shekara saba'in da ɗaya a duhu ta yi, uwarta da kakarta da duk wanda ke kwance a bayan coci a duhu suka mutu. Wannan ƙarya ce, shirunta kuma shi zai zama shaida a kai.

Lahadi ta biyu, da aka idar da Kurbana, ta fito gaba, Sosamma na riƙe da gwiwar hannunta. Ta ɗauko Shaidar Bangaskiya daga farko ba ko tuntuɓe. Da ta iso inda ake shaida baftisma ɗaya sai ta tsaya ta juyo ga jama'a.

"Kun ga hotona. Da ƙafata na shiga ruwa, gaskiya ne. An ce mini addu'ar gwiwa ce. Na tambaya ko baftisma ce, aka ɗora hannu a kan Littafi aka ce mini a'a."

Sakatare ya jira, sannan ya ce a hankali, "Wa ya ɗora, Ammaci?"

"Shaji. Ɗan Kuriyakos. Ɗana."

Acen ya ce a rubuta, a bar sunanta inda yake. Wani tsoho daga ɓangaren maza, wanda ba ya ji sosai, ya tambaya da ƙarfi ko gwiwar ta warke.

"Ga ta nan yadda take," in ji ta. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ita ba ta yi ba.

Labari ya riga ta isa gida. Cikin mako Shaji da Mini suka kwashe kayansu zuwa gidan haya kusa da mararraba. An naɗa shi dattijon duk da haka, Fasto Reji kuma ya yi wa'azi a kan yadda 'yan gidan mutum kan zama maƙiyansa, aka ce har mutane sun yi kuka. Minnu bai dawo ba.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya. Shaji yakan zo wata-wata ya zauna a dakali, ya tambayi jikinta, ya ajiye magani. Takan ba shi shayi. Bai taɓa cewa ta yafe masa ba, ita ma ba ta sake ta da maganar ba. Da matakala suka fi ƙarfinta sai Acen ya riƙa kawo mata Kurbana gida.

A damina ta huɗu ta kwanta. Ta kira Sosamma ta gaya mata inda fararen kayanta suke da wanda za a ba saniya.

"In an zo rufe fuska, ku jira shi."

"Ba zai shigo ba, natun. Kin san taurin kan gidanmu, ke kika auri irinsa."

"Ku jira kaɗan dai. Amma kada ku bar mutane da yunwa saboda shi. In bai zo ba, ɗanki ya yi."

Ya zo gidan ranar, ya tsaya a bayan mutane, ya bi gawa har gindin tudu. Ya hau matakalar ma. A bakin ƙofar harabar ya tsaya. Aka gama addu'o'i, Acen ya zuba mai a kan gawar, ya ɗauki ƙyallen a hannu ya juya yana duban ƙofa, jama'a ma suka juya. Sakatare ya taka ya je ya yi masa magana. Aka hango Shaji yana share ido da hannun riga yana girgiza kai. Suka jira har aka fara yayyafi, aka buɗe lema a kan akwatin. Sai Sosamma ta tura ɗanta gaba.

Aka ɗaga dutsen, aka kwantar da ita jikin katangar gabas, gefen Kuriyakos. Da mutane ke fita Shaji na nan tsaye a waje, rigarsa ta jiƙe. Sosamma ta tsaya kusa da shi tana neman takalmanta cikin tarin takalma.

"Ta ce mu jira ka," in ji ta. "Mun jira."

Ta sa takalmanta, ta dafa bango, ta fara sauka a hankali.